Daren da aka ce Basil D'Oliveira ba mai jifa ba ne

Ranar 28 ga Agustan 1968 'yan wasan kurket na ƙungiyar Worcestershire suka taru a ɗakin sauya kaya, kowa ya kasa kunne ga rediyo. Za a karanto sunayen mutum 16 da Ingila za ta tafi da su Afirka ta Kudu a ƙarshen shekara. Basil D'Oliveira na cikin masu sauraro, ko gumin wasa bai gama bushe masa ba, don yanzun nan ya zuba wa Sussex maki 128. Kwana biyar kafin nan kuma ya ci 158 a kan Ostareliya a filin Oval na Landan, a kan idon masu zaɓen duka. Aka karanto sunaye daga na farko har na goma sha shida, babu nasa. Magidanci mai neman shekara 37 ya fashe da kuka a gaban abokan wasansa, sai da Tom Graveney ya kama shi ya shigar da shi ɗakin mai tausa.

Shugaban masu zaɓe, Doug Insole, ya ba 'yan jarida dalili. Ya ce a tafiyar ƙasar waje suna lissafa D'Oliveira cikin masu bugu zalla, ba sa sa shi a sahun masu bugu da jifa, kuma a masu bugun akwai waɗanda suka fi shi. Wannan 'yar maganar ita ce gindin lamarin. Bayan kwana 19 su da kansu suka lashe amansu, kuma daga nan aka kama hanyar da ta kai ga rufe wa Afirka ta Kudu ƙofar kurket ta duniya fiye da shekara ashirin.

Sai an san yadda ake haɗa ƙungiyar kurket kafin a gane nauyin abin da Insole ya faɗa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Mai jifa yana auna sanduna uku da aka kafa bayan mai bugu, shi kuma mai bugu yana kare su da faffaɗan katako, yana maka ƙwallon yana tara maki. Sai an fitar da mutum goma kafin a yi musanya, kuma babban wasa tsakanin ƙasashe, wanda ake kira Tes, yana cin kwana biyar. Lissafin mai zaɓe kamar na mai cefane ne da kuɗi ƙididdigaggu: gurabe biyar ko shida na masu bugu, ɗaya na mai tsaron bayan sanduna, huɗu na masu jifa. Mutum huɗu kuwa ba za su yini suna jifa ba su galabaita ba. Shi ya sa ake neman wanda zai cike gurbi biyu da jiki ɗaya, ya yi bugu kamar masu bugu, in an miƙa masa ƙwallo kuma ya hutar da masu jifa. Bari mu kira shi mai hannu biyu. Amfaninsa a fili yake, amma akwai inda yake da rauni: duk ranar da aka so ajiye shi, sai a auna shi da hannu ɗaya a ce bai kai ba.

An haifi D'Oliveira a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, a hukumance ranar 4 ga Oktoban 1931, ya tashi a Bo-Kaap, unguwar da ke jikin tudun Signal Hill wadda aka fi sani da Musulmin Cape da masallatansu, ko da yake gidansu Katolika ne. Dokar wariyar launin fata ta jefa shi a rukunin masu ruwa biyu, waɗanda ba a lissafa su cikin farare, ba a kuma lissafa su cikin baƙaƙe. Filin Newlands mai koriyar ciyawa na farare ne. Irinsa sai dai su kalli wasa daga ɓangaren da aka ware musu. Nasu wasan a kan tabarma ake yi, a shimfiɗa ta kan ƙasa mai tsakuwa bayan 'yan wasan da kansu sun share wurin sun yayyafa ruwa. A irin wannan fili ƙwallo ba ta da alƙawari, wani lokaci ta yi tsalle ta nufi fuska, wani lokaci ta bi ƙasa kamar maciji. A nan ya koyi tsayawa da baya yana jiran ƙwallo har ta iso, sannan ya sauke mata ƙarfin damtse. Da rana yana aiki a maɗaba'a, ƙarshen mako yana buga wa kulob ɗin St Augustine's da mahaifinsa ya taɓa jagoranta. Ya zama kyaftin ɗin tawagar waɗanda ba farare ba, ya kai su Gabashin Afirka a 1958. Iyakar tsanin ke nan. Shekarunsa na ƙuruciya, waɗanda ɗan wasa ke cin kasuwarsa a cikinsu, duk a kan tabarma suka ƙare.

Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa John Arlott, mai sharhin kurket a rediyon BBC, wanda bai taɓa gani ba sai dai jin murya. Arlott ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi har wani ɗan jarida, John Kay, ya samo masa gurbi a kulob ɗin Middleton da ke Lancashire a 1960, a kan fam 450 na kakar wasa. Kuɗin jirgi ma karo-karo aka yi masa a unguwa. Ya bar matarsa Naomi da juna biyu ya tafi. A jirgin ƙasa daga Landan ya zauna a ɗarare ganin Bature na kawo masa abinci, a kulob kuma ya tsaya neman ƙofar da irinsa ke shiga. Makonnin farko ya sha wuya, don ƙasar Lancashire jiƙaƙƙiya ce, ƙwallo na tsayawa a ciyawa ta kauce, shi kuma ya saba kai bugu da wuri. Kafin kaka ta ƙare ya gane bakin zaren, har ya zarce Garfield Sobers a matsakaicin maki na gasar yankin, Sobers ɗin da ake ɗauka babu mai hannu biyu kamarsa a tarihin wasan.

Graveney ne ya ja shi zuwa Worcestershire a 1964, shekarar da ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. Da aka tambaye shi shekarunsa sai ya zabtare uku, don ya san babu mai zuba jari a kan sabon ɗan wasa da ya haura talatin. Ni dai ban ga laifinsa ba. Waɗanda suka cinye masa shekara goma ba su ba shi rasit ba. A 1965 ya ci maki ɗari a wasansa na farko na gasar gundumomi, ƙungiyar kuma ta riƙe kambunta. A Yunin 1966 ya sa rigar Ingila a filin Lord's a kan West Indies, tawagar tsibiran Karebiyan, ya bi da 76 da 54 da 88 a wasannin da suka biyo baya. Ɗarinsa ta farko a Tes, 109, a kan Indiya ya ci ta a 1967.

Tun daga nan kowa ya san inda aka dosa, don an riga an tsara Ingila za ta ziyarci Afirka ta Kudu a ƙarshen 1968. A Janairun 1967 ministan cikin gidan ƙasar, P. K. le Roux, ya faɗa ƙarara cewa ba za a bar D'Oliveira ya shigo da tawaga ba. Ministan wasannin Birtaniya, Denis Howell, ya mayar da martani a majalisa cewa in an hana ɗan wasa ɗaya to babu tafiya. Firayim Ministan Afirka ta Kudu John Vorster ya sassauta harshe a bainar jama'a, amma a Maris 1968 ya gaya wa Lord Cobham, tsohon shugaban kulob ɗin MCC, cewa in aka zaɓi mutumin nan tafiyar ta rushe. MCC, mai hedikwata a Lord's, ita ke da alhakin tafiye-tafiyen Ingila a wancan zamani. Saƙon Cobham ya isa hannun sakatarenta Billy Griffith, da ma'aji Gubby Allen, da shugaba Arthur Gilligan. Suka danne shi, ba su kai shi gaban cikakken kwamiti ba.

D'Oliveira kansa ya ba masu neman dalili abin kamawa. Tafiyar West Indies ta farkon 1968 ba ta yi masa kyau ba, bugu ya ƙi, jifa ya ƙi, aka kuma yi ta tsegumin yana yawan zaman hira da dare. Duk da haka a wasan farko da Ostareliya a Old Trafford ya ci 87 ba a fitar da shi ba, ranar da sauran suka zube. Ladan da ya samu shi ne ajiye shi a wasa na biyu, aka ce jifansa bai ciji kowa ba, aka kawo Barry Knight. A lura da kyau: a watan Yuni da hannun jifa aka auna shi.

A wannan makon na Lord's ne Griffith ya ja shi gefe ya ba shi wata shawara mai ban mamaki, wai ya janye kansa daga Ingila ya ce ƙasar haihuwarsa yake so ya buga wa, ƙasar da ko ɗakin sauya kayanta ba zai shiga ba. Ya ƙi. A Agusta kuma wani babban jami'in kamfanin taba, Tienie Oosthuizen, ya zo masa da tayin aikin koyar da wasa a Afirka ta Kudu: fam 4,000 a shekara har shekara goma, da gida da mota, da sharaɗin ya sanar ba zai samu zuwa tafiyar ba kafin a fitar da sunaye. Ga mai iyali da ke ganin ƙarshen wasansa na matsowa, wannan kuɗi ne na sauya rayuwa. Takardun da aka buɗe daga baya sun nuna da sanin Vorster aka kitsa toshiyar bakin. D'Oliveira ya yi ta jan ƙafa bai sa hannu ba, saboda mutanen Bo-Kaap da suka yi masa karo-karo abu ɗaya suke jira, su gan shi ya taka ciyawar Newlands.

Yadda ya dawo cikin tawaga a wasan ƙarshe shi ne wurin da ya fi ba ni dariya a duk labarin. Kyaftin Colin Cowdrey ya lura filin Oval na karɓar jifa mai matsakaicin gudu, sai ya nemi Tom Cartwright da Knight, duka biyun ba su da lafiyar wasa. Aka kira D'Oliveira ya zauna a jiran ko-ta-kwana, a matsayin mai jifa, don a makonnin nan yana ta kwashe mutane a gasar gundumomi. Ana gobe wasa Roger Prideaux, mai buɗe bugu, ya janye saboda rashin lafiya. Sai aka sa D'Oliveira a gurbin mai bugu. An kira shi da hannu ɗaya, ya shiga da ɗayan.

Ya shigo da yammacin ranar farko, 22 ga Agusta, ya kwana ba a fitar da shi ba. Washegari yana kan 31 ya ba da dama, mai tsaron bayan sandunan Ostareliya, Barry Jarman, ya saki ƙwallon. Daga nan ya buɗe wuta har 158, John Edrich ya ci 164, Ingila ta tara 494. Ranar ƙarshe Ostareliya na neman 352, mutum biyar sun fita tana da 85, sai hadari ya haɗo aka tafka ruwa, filin ya koma tafki. Da rana ta leƙo 'yan kallo suka sauko da barguna da buhuna suna tsane ruwa tare da ma'aikata, aka koma wasa saura minti 75. Jarman da John Inverarity suka kafe, minti arba'in babu wanda ya motsa su, Cowdrey ya juya masu jifansa har ya rasa na yi. Sai ya miƙa wa D'Oliveira ƙwallo. Jarman ya ɗaga katako ya ƙyale wata da ya zaci za ta wuce, ta lanƙwaso ta taɓa sanda. Da ƙofa ta buɗe Cowdrey ya dawo da Derek Underwood, ya share huɗun da suka rage, Ingila ta yi nasara da tazarar 226 saura 'yan mintoci a tashi. A daren wannan rana, 27 ga Agusta, masu zaɓe suka zauna a Lord's suka yanke cewa mutumin ba mai jifa ba ne.

Zaman ya kai wajen ƙarfe biyu na dare. Akwai Insole da Peter May da Alec Bedser da Don Kenyon, akwai Cowdrey da manajan tafiya Les Ames, akwai kuma Allen da Gilligan da Griffith, mutum ukun da ke ɗauke da saƙon Vorster a ciki. Cikakken bayanin abin da kowa ya faɗa a daren bai tsira a ajiyar MCC ba.

A yi wa Insole adalci, hujjarsa ba ta rasa ƙafa ɗaya ba. Jifan D'Oliveira na lanƙwasa ne a iska mai laima irin ta Ingila. A busassun filayen Afirka ta Kudu masu tauri ana iya cewa ba zai yi tasiri ba, kuma West Indies ta nuna haka. A duk wasanninsa 44 na Tes mutum 47 ya fitar, wato kusan ɗaya a kowane wasa, kowanne a kan maki 39.55. Wannan ba lissafin babban mai jifa ba ne. Amfaninsa rowa ce, bai kai ba da maki biyu a kowane jifa shida ba, sai kuma raba mutum biyun da suka kafe, irin abin da ya yi wa Jarman. Inda hujjar ta karye shi ne ɗaya ɓangaren. In ma mai bugu ne zalla, wane mai bugu ake ajiyewa bayan ya ci 87 da 158 a wasa biyun da ya buga da Ostareliya? Prideaux, wanda bai buga wasan Oval ba, yana cikin 16 ɗin. Ba sai an ce an haɗa baki ba. Ya isa a ce a ɗakin akwai masu son tafiyar ta yiwu ko ta halin ƙaƙa, sun san abin da zai hana ta, kuma mai hannu biyu ya fi kowa sauƙin samar wa dalili.

A Afirka ta Kudu, da labari ya isa wani gangamin jam'iyyar National Party mai mulki, sai wuri ya kaure da tafi. A Ingila kuwa wasiƙun fushi suka yi ta sauka a Lord's, wasu mambobi suka ajiye katinsu, David Sheppard, limamin coci kuma tsohon kyaftin ɗin Ingila, ya tara masu neman a kira babban taro. Jaridar News of the World ta ɗauki D'Oliveira ya bi tawagar ya riƙa aiko mata rahoto, abin da ya ƙara tunzura Pretoria. Shi gogan bai ce uffan a kan masu zaɓe ba.

Ranar 16 ga Satumba Cartwright, wanda aka zaɓa duk da ciwon kafaɗa, ya janye. Mai jifa ne tsantsa a wannan tawaga, aikinsa ya yini yana jifa yana toshe maki. Daga baya ya nuna cewa labarin tafin nan na gangami ma ya sanyaya masa jiki. Masu zaɓe suka cike gurbinsa da D'Oliveira, mutumin da suka ce ba ya cikin lissafin masu jifa. Ga Vorster faɗuwa ta zo daidai da zama. Da tun farko aka zaɓe shi bayan 158, da dole Vorster ya hana shi a fili saboda launin fatarsa, duniya na kallo. Yanzu kuwa ya samu abin nunawa: ga shi an ajiye mutum bisa cancanta, an dawo da shi bisa matsin lamba. Washegari a Bloemfontein, a gaban 'yan jam'iyyarsa, ya ce wannan tawaga ta masu yaƙi da wariya ce, ba ta MCC ba. Ranar 24 ga Satumba aka soke tafiyar.

Abin mamaki, MCC ba ta ɗauki darasi nan take ba. A babban taron Disamba Sheppard ya sha kaye a ƙuri'a, aka kuma ci gaba da shirin karɓar Afirka ta Kudu a Ingila a 1970. Sai da matasa ƙarƙashin Peter Hain suka tashi da zanga-zanga, Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka, wadda ɗan Najeriya Abraham Ordia ke shugabanta, ta yi barazanar ƙaurace wa wasannin Commonwealth na Edinburgh, sannan ministan cikin gidan Birtaniya James Callaghan ya nemi a janye gayyatar a watan Mayu. Afirka ta Kudu ba ta sake buga wasan ƙasa da ƙasa ba sai Nuwamban 1991 a Indiya. Tawagar da aka rufe wa ƙofa ta riga ta lallasa Ostareliya 4 da 0 a farkon 1970, kuma a cikinta akwai wani mai hannu biyun, Mike Procter, Bature, wanda wasanninsa na Tes suka tsaya a bakwai yana ɗan shekara 23.

D'Oliveira ya ci gaba da abin da ya iya. A madadin tafiyar da ta rushe Ingila ta je Pakistan a farkon 1969, inda ya ci 114 a Dhaka, wadda a lokacin ke cikin Pakistan, a kan fili mai rugurgujewa wanda ya fi kama da na ƙuruciyarsa, bugun da shi kansa ya fi ji da shi. Yana cikin tawagar Ray Illingworth da ta doke Ostareliya a gidanta a 1970 zuwa 1971, ya ci 117 a Melbourne, ya kuma buga wasan yini ɗaya na farko tsakanin ƙasashe a Janairun 1971. Ya rufe Tes a 1972 da maki 2,484, matsakaici 40.06, da ɗari biyar, duk bayan ya haura 34, ko ma fiye, tunda shi da kansa ya taɓa nuna cewa 1931 ɗin ma akwai sauran magana.

Ba kowa ne a gida ya gamsu da shi ba. Bai shiga sahun masu kiran ƙauracewa ba, ya fi yarda a ci gaba da wasa ko a samu sauyi ta nan, yayin da irin su Hassan Howa, jagoran kurket na waɗanda ba farare ba a Cape Town, suka tsaya a kan cewa babu wasa na ƙalau a ƙasar da ba ƙalau take ba. Ya buga wa Worcestershire har 1980, ya koma kocinta, ta ci gasar gundumomi a 1988 da 1989. Ɗansa Damian ya buga wa ƙungiyar, jikansa Brett ya zama kyaftin ɗinta. Daga 2004 kofin da Ingila da Afirka ta Kudu ke takara a kai a Tes sunansa yake ɗauke da shi. A lokacin cutar Parkinson ta riga ta kama shi, ya rasu ranar 19 ga Nuwamban 2011 a Ingila, bai taɓa buga wasan Tes ko ɗaya a ƙasar da aka haife shi ba.